Daga Duwatsu Uku Zuwa Tukunyar Gas: Wutar Matafiyi a Ƙasar Makwar

 Yau zancen murhu za mu yi.

Bayan yaƙin Burmi a 1903, jama'ar da ta biyo Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ta yi ta gabas har ta sauka bakin Shuɗin Nilu wajajen 1906. Murhun wannan tafiya duwatsu uku ne da itacen da aka tsinta. Makiyayi kuwa yana da nasa a bayan garke: busasshen kashin shanu. Har gobe bai tsufa ba. Ba ya ba da harshen wuta mai ƙarfi, amma yana riƙe zafi a hankali, hayaƙinsa kuma na korar sauro.

Abin ya sauya da aka gama madatsar ruwa ta Makwar a 1925, aka buɗe gonakin audugar Jazira. Kakanninmu sun shiga aikin gona, sai ga karan auduga tuli a ƙarshen kaka. To amma doka ta ce a tuge shi a ƙone a gona, domin cutar auduga da tsutsarta na kwana a cikinsa su jira shukar baɗi. Kun ga rigima ke nan: mai gida na ganin makamashi, ma'aikacin gona na ganin annoba. Shi karan ma ba wani abin dogaro ba ne, fuu ya ci ya mutu. Ya isa gasa kisra, bai isa dafa ful ba.

Gawayi ne ya zama sarki. Bagaruwa, wadda Larabawa ke kira sunut, hukuma ta keɓe dazuzzukanta a bakin kogi saboda katakon shimfiɗa layin dogo. Dushe kuma, wato talha, shi ya cika buhunan da manyan motoci ke ɗauka daga kudu zuwa Wad Madani da Hartum. Kanun ɗin ƙarfe da jabana suka zama kayan tafiyar kowane ɗan kasuwa. A ganina har yau ba abin da ya kai gawayin dushe a hanya: ba ya zuba, ba ya fashewa, kuma ana samunsa a kowane zango. Illarsa daji ne ke biya, makiyayi kuma shi ya fara ganin haka, tun da 'ya'yan itacen nan da ganyensu abincin dabbobi ne da rani.

Sai risho mai famfo. A Suwidin aka ƙera Primus a 1892, Larabawa suka sa masa suna babur. Bakano ya ji an ce a ɗora shayi a kan babur, ai sai ya riƙe baki! Kananzir yake sha, kuma sai an fara ɗumama kansa kafin a buga famfo, in ba haka ba ya tashi da jan harshe da baƙin hayaƙi. Wanda ke da shi kada ya rabu da 'yar allurar share hancinsa. Fetur kuwa, ko an gauraya shi da kananzir, kada ya kusanci risho. In ka sayi kananzir a galan a bakin iyaka, shinshina tukuna. In ka ji warin fetur, bar musu abinsu.

Gas ya yaɗu ne bayan an buɗe matatar Jaili a arewacin Hartum a 2000. Ambuba ta shiga ƙauyuka, ƙaramar ma ta hau bayan mota. Da Kudu ta ɓalle a 2011 ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man ƙasar, farashi ya fara hawa. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya ƙarasa sauran: Madani ta faɗi a Disambar shekarar, Sinja a Yunin 2024, hanyoyi suka yanke, matatar ta tsaya. Gidajen da suka manta da hayaƙi suka koma kanun da duwatsu uku.

Saboda haka mai bin hanyar Damazin zuwa Kurmuk ko Gisan kada ya dogara da makamashi ɗaya. In gas ne, tukunyar ta tsaya a tsaye, a inuwa, a shafa ruwan sabulu a mahaɗar tiyo. Kumfa ta taso, to tana yoyo, kada a kunna. Kowane murhu ne, a kare shi daga iska da faifan kwano ko duwatsu, a rufe tukunya, a jiƙa ful ko wake tun dare. Masu hawa tsaunukan Habasha su sani ruwa na tafasa da wuri a can amma zafinsa bai kai na ƙasa ba, don haka waken zai ƙara cin wuta.

Na ƙarshe shi ne na dare mai sanyi. Garwashin gawayi na fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. Mutum ya ji ciwon kai da kasala, ya ɗauka gajiyar hanya ce, ya kwanta. Kada kanun ya kwana cikin rufaffen ɗaki, ko bukka, ko gaban mota, ko ƙarƙashin tampol. In ka tarar da abokin tafiya a wannan hali, fito da shi sarari nan take, a nemi asibiti mafi kusa.