Kumburin Jego: Daga Asibitin Zariya Zuwa Ɗan Saƙon da Ke Cikin Jini

A ƙauyukan Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, kamar sauran ƙasar Hausa, tsofaffin mata sun daɗe da sanin wata cuta da ke kama mai jego: ƙafafu su kumbura, numfashi ya yi sama, tari ya hana ta barci sai dai ta kwana a zaune. Sanyi ake ɗora wa laifin, don haka magani shi ne ƙarin zafi: wankan jego da tafasasshen ruwa safe da yamma har kwana arba'in, kwanciya kan gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashinsa, da kunun kanwa kwano bayan kwano.

A farkon shekarun 1970 wannan cuta ta ja hankalin Farfesa Eldryd Parry da Dokta Neil Davidson a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello. A 1978 suka wallafa bayanin mata 224 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, kuma an ƙiyasta cewa a yankin Zariya cutar na kama kusan mace 1 cikin 100 da suka haihu, adadin da babu kamarsa a Turai. Sun lura majinyatan sun fi yawa da damina. Fassararsu mai sauƙi ce: gishirin kanwa yana tara ruwa a jiki, zafi yana ƙara wa zuciya aiki, sai ta kasa. Wato abin da kaka ta ɗauka magani, shi likita ya kira sanadi.

Fassarar ta zauna daram shekaru da dama, wataƙila domin tana da daɗin faɗa. Amma ta bar tambaya a buɗe: kusan kowace mace a karkara tana wanka tana shan kunu, me ya sa 99 ke tsira? Kuma ga cutar a Haiti da Afirka ta Kudu, inda ba a san kunun kanwa ba.

Amsar ta fara ɓullowa daga inda ba a zata ba, wato nono. A 2007 Denise Hilfiker-Kleiner da abokan aikinta a Hanoba ta Jamus suka nuna, a jikin ɓeraye, cewa furolaktin, sinadarin da ke sa nono ya kawo, yana iya tsagewa idan zuciya ta rasa kariyarta. Guntun da ya ɓalle guba ne ga ƙananan jijiyoyin jinin da ke ciyar da zuciya. Saura a san yadda gubar ke ratsawa daga jijiya zuwa tsokar zuciyar kanta.

A nan maikuro-RNA ya shigo. Wani ɗan guntun saƙo ne na ƙwayar halitta, tsawonsa haruffa kamar 22 kacal, aikinsa rufe bakin wasu umarnin gado don kada a aiwatar da su. Victor Ambros da Gary Ruvkun ne suka gano shi a 1993 a jikin wata 'yar tsutsa, aikin da ya ba su lambar Nobel a 2024. A 2013 masu bincike a Liyej ta Beljiyam, ƙarƙashin Ingrid Struman, suka gano cewa guntun furolaktin yana sa bangon jijiya ya samar da miR-146a, ya ƙunshe shi cikin 'yan ƙananan jakunkuna, ya aika wa tsokar zuciya. Da isarsa sai ya rage mata kuzari. Sun same shi da yawa a jinin matan da ke da cutar, kuma da suka toshe shi a ɓeraye zuciya ta samu sauƙi ba tare da nono ya ƙafe ba.

Wannan batu na ƙarshe shi ne ya fi shafar mace a Sabuwa. Maganin da ake da shi don tare furolaktin, buromokiriftin, wanda Karen Sliwa ta gwada a wani binciken mata 20 a Afirka ta Kudu da aka wallafa a 2010, yana tsayar da nono ɗungurungum. A gidan da ba kuɗin madarar gwangwani, ba tsabtataccen ruwa, ceton uwar na iya zama hatsari ga jaririn. Maganin toshe miR-146a kuwa har yanzu bai fita daga ɗakin gwaji ba.

A gida ma labarin ya sauya. Binciken Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero bai ga alaƙa mai ƙarfi tsakanin cutar da wanka ko kunu ba. Abin da ya fito fili shi ne rama, rashin karatu, hawan jinin masu ciki, da ƙarancin sinadarin seleniyom a jini. An sassauta wa kaka tuhuma, an mayar da ita kan talauci. Mai jegon da ƙafarta ta kumbura a Faskari, hoton zuciya take bukata kafin komai, kuma sau da yawa samunsa na nufin tafiya Katsina, Zariya ko Kano, a kan hanyoyin da 'yan bindiga suka sa direbobi ke gudun bi bayan la'asar.