Daga Awartakin Wanzami Zuwa Kujerar Likitan Haƙori

Ya kai mai karatu, ka taɓa tambayar kanka dalilin da ya sa yaro ke kuka da ya ji an ce likita? Tsoron nan yana da tarihi.

Tun lokacin da Katsinawa suka kafa Maraɗi bayan jihadi, Gobirawa kuma suka zauna Tibiri wajen 1836, wanzami shi ne mai aikin jiki. Shi ke aski ran suna, shi ke kaciya da ƙaho. In haƙori ya hana mutum barci, sai a fara da kanumfari ko toka. In abin ya ƙi, wanzami ya sa awartaki ya fizge shi, ƙarti na riƙe da mai ciwo. Babu abin kashe zafi. Yaran da suka ga haka su ne kakanninmu, su suka bar mana labarin.

A Amurka, cikin 1846, wani likitan haƙori mai suna William Morton ya nuna yadda ake sa mutum barci a yi masa aiki bai ji ba. Daga baya aka samu allurar da ke kashe dasashi kaɗai. Sanin nan ya daɗe kafin ya iso mu. Ko bayan ambaliyar 1945, da Maraɗi ta tashi daga bakin gulbi ta hau tudu, mutanen Jiratawa da ƙauyuka wanzami suka sani.

Yau awartaki ya ja baya, amma tsoro na nan, domin mu ne ke cewa yaro: "Yi shiru ko in kai ka a yi maka allura!"

Haƙoran nono 20 ne, famfara kuwa sai wajen shekara 6. Kafin nan alawa da shayi mai sukari na iya cinye su. Ciwon baki a yaro marar ƙoshi yakan rikiɗe ya zama noma, mai cin fuska, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin cututtukan da aka yi sakaci da su a 2023.

Saboda haka ka kai ɗanka tun bai fara ciwo ba. Gaya masa gaskiya: zai hau kujera, ya buɗe baki, a ƙirga haƙoransa. Kada ka yi masa ƙarya, kada ka razana shi. Ka fara buɗe naka bakin ya gani. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.