Lambar Mersenne ta 67 da Tarihin Warware Manyan Lambobi

Kowace cikakkiyar lamba da ta haura 1 tana cikin ɗayan gida biyu. Ko dai marar rabuwa ce, wato babu lambar da ke raba ta ba saura sai 1 da ita kanta, kamar 7 da 13, ko kuma haɗaɗɗiya ce, kamar 91 da ake samu daga 7 sau 13. Lambobi marasa rabuwa su ne tubalan da ake gina haɗaɗɗiya da su, kuma kowace haɗaɗɗiya hanya ɗaya tak take warwaruwa zuwa tubalanta. Ninka tubalan abu ne mai sauƙi. Komawa baya a gano su ne ya daɗe yana ba masana lissafi wahala.

A 1644 wani malamin coci Bafaranshe, Marin Mersenne, ya wallafa jerin lambobin da ya ce ba sa rabuwa. Irin lambobin da ake samu ne idan aka jera 2 sau da yawa, aka ninka su, sannan aka ɗebe 1. Cikin jerin har da wadda ke fitowa daga 2 guda 67, wato 147,573,952,589,676,412,927, mai alƙaluma 21. Fiye da shekara 200 ba a sami wanda ya iya gaskata shi ko ƙaryata shi ba, domin gwada rabawa ɗaya bayan ɗaya da hannu ya fi ƙarfin rayuwar mutum.

A 1876 Édouard Lucas, shi ma Bafaranshe, ya nuna cewa Mersenne ya yi kuskure: lambar haɗaɗɗiya ce. Abin mamakin shi ne hanyar Lucas ba ta bayyana ko ɗaya daga cikin tubalan ba. Ta tabbatar da cewa suna nan, amma ba ta faɗi su wane ne ba. Nan ne zuciyar maganar take, domin sanin lamba tana rabuwa daban, sanin masu raba ta daban, kuma tazarar da ke tsakani ba ƙarama ba ce.

Frank Nelson Cole na Jami'ar Columbia ne ya cike giɓin. A watan Oktoba na 1903, a taron ƙungiyar masana lissafi ta Amurka a New York, ya gabatar da amsar: 193,707,721 sau 761,838,257,287. Marubuci E. T. Bell ya ruwaito cewa Cole bai ce uffan ba. Allo kawai ya nufa, ya lissafa lambar a gefe guda, ya ninka tubalan biyu a ɗaya gefen, sakamakon ya yi daidai, zauren ya kaure da tafi. Bell ya ƙara da cewa binciken ya cinye wa Cole ranakun Lahadi na shekara uku. Haƙuri irin wannan ya cancanci tafin.

Wahalar ta zama abin amfani a 1977, lokacin da Ron Rivest da Adi Shamir da Leonard Adleman suka gina tsarin ɓoye saƙo na RSA a kanta. Makullin da kowa ke gani haɗaɗɗiyar lamba ce, buɗe shi kuwa sai wanda ya san tubalanta biyu. A wannan shekarar Martin Gardner ya buga ƙalubale a mujallar Scientific American: lamba mai alƙaluma 129, da ladan dala 100. A 1994 aka warware ta, bayan 'yan sa-kai kusan 600 sun haɗa kwamfutocinsu ta intanet na tsawon kimanin wata takwas. Tubalan suka fito, ɗaya mai alƙaluma 64, ɗaya mai 65.

A watan Fabrairu na 2020 aka warware wata lambar ƙalubale mai suna RSA-250, mai alƙaluma 250. Makullan RSA da aka fi amfani da su a intanet yanzu suna da alƙaluma 617.