Gurbin Mai Goyo a Layin Shiga Jirgi

Duk wanda ya taɓa zaman jiran jirgi a babban filin jirgin sama ya san lokacin da lasifika ke buɗewa, ma'aikaciyar ƙofa ta fara kiran fasinjoji rukuni-rukuni. A sahun farko akan ji an kira masu lalurar nakasa da tsofaffin da ake turawa a keke, sannan a wasu kamfanonin a ce iyaye masu ɗauke da ƙananan yara su matso. Mai sauraro zai zaci haka abin yake tun fil'azal. Amma a Amurka, ƙasar da ta fi kowace yawan zirga-zirgar jiragen fasinja, gurbin mai goyo a wannan layi ya sha matsawa gaba da baya cikin shekaru 50 da suka wuce, kuma kowace matsawa tana da dalilinta.

Kafin 1978, gwamnatin Amurka ce ke yanke kuɗin tikiti, ita ke kuma raba wa kamfanoni hanyoyin da za su bi, ta hannun wata hukuma da ake kira CAB. Tunda ba a gasa da farashi, sai kamfanoni suka koma gasa da kyautatawa: abinci mai kyau, kujera mai faɗi, tarba da fara'a. Jirgi kan tashi kusan rabin kujerunsa babu kowa. Akwatuna suna tafiya a cikin cikin jirgi ba tare da ƙarin ko sisi ba, kantar da ke saman kujeru kuwa a tsofaffin jirage ta ajiye hula ce da kwat. Binciken kamfanin Boeing ya nuna cewa a wajajen 1970 kimanin mutum 20 ke shiga jirgi a minti ɗaya. A irin wannan yalwa, in an ce uwa ta riga kowa shiga, babu wanda aka tauye wa komai. Ladabi ne da kamfanoni suka ɗora wa kansu, kamar yadda ake tashi a ba tsoho wurin zama a mota. Babu dokar da ta tilasta, babu kuma wanda ya ga buƙatar a rubuta ta.

Ranar 24 ga Oktoban 1978 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta cire hannun gwamnati daga yanke farashi. Tikiti ya yi sauƙi, talakan da bai taɓa mafarkin hawa jirgi ba ya fara hawa da iyalinsa, kujeru suka fara cika. A 1981 kamfanin American Airlines ya ƙaddamar da tsarin AAdvantage, wanda ke tara wa mai yawan tafiya maki, sauran kamfanoni suka bi sahu. Daga nan fasinja ya fara samun daraja gwargwadon kuɗin da yake kashewa, kuma sannu a hankali riga shiga jirgi ya zamo ɗaya daga cikin tukwicin da ake ba manyan abokan ciniki.

A 1986 Majalisar Dokokin Amurka ta yi dokar da ta haramta wa kamfanonin jirage nuna wa masu nakasa bambanci. Ƙa'idojin da Ma'aikatar Sufuri ta fitar a ƙarƙashinta sun wajabta a bar wanda ke buƙatar ƙarin lokaci ko taimako saboda nakasa ya riga kowa shiga. Ba a sa masu ƙananan yara a ciki ba. Tun daga nan hanya ta rabu biyu: na mai nakasa ya zama haƙƙi, na mai goyo ya tsaya a matsayin alfarma, wadda kamfani zai iya bayarwa yau ya janye gobe.

Wani zai ce me uwa za ta yi da waɗannan 'yan mintoci? Amsar tana da alaƙa da wani mummunan haɗari. Ranar 19 ga Yulin 1989 jirgin United mai lamba 232, ƙirar DC-10, ya taso daga Denver zuwa Chicago ɗauke da mutum 296. Injinsa na wutsiya ya tarwatse a sama, ya lalata na'urorin sarrafa jirgin, matuƙa suka yi ta fama har suka kai shi filin jirgin Sioux City a jihar Iowa, inda ya faɗi ya kama da wuta. Sama da mutum 110 suka rasu. A cikin jirgin akwai jarirai 4 da ba su da kujerar kansu, domin ƙa'ida ta yarda a riƙe yaron da bai kai shekara 2 ba a cinya. Bisa tsarin lokacin, an umarci iyayen su kwantar da su a ƙasa su danne su. Ɗaya daga cikin jariran bai tsira ba. Shugabar ma'aikatan cikin jirgin, Jan Brown, ta shafe shekaru bayan haka tana kiran a wajabta wa kowane jariri kujerarsa. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta FAA ta ƙi wajabtawa a 2005, bisa hujjar cewa tsadar ƙarin tikiti za ta tura iyalai su bi mota, inda haɗari ya fi yawa. Sai dai har yau tana ba iyaye shawarar su saya wa jariri kujera, su ɗaure masa irin kujerar yara ta mota a kai. Ɗaura wannan kujera, wadda galibi ake so ta zauna a gefen taga, aiki ne na natsuwa. Ga naɗe keken jariri a bakin ƙofa, ga jakar kunzugu da madara, ga wan jaririn da ke jan zani. Ba a yin wannan da kyau alhali mutum 100 na tsaye a bayanka a siririyar hanya.

Girgiza ta farko da iyaye suka ji a jikinsu ta zo ne daga Southwest, kamfanin jihar Texas da ya fara tashi a 1971. A wancan lokaci ba ya rubuta lambar kujera a tikiti: ka shiga, ka zauna inda ka samu. Saboda haka wanda ya riga shiga shi ke zaɓe. Shekara da shekaru iyalai masu ƙananan yara su ne a gaba, abin da ya sa wasu fasinjoji ke gunagunin cewa iyali guda kan kwashe kujerun gaba alhali su sun daɗe a layi. A watan Oktoban 2007 kamfanin ya mayar da masu yara 'yan shekara 4 zuwa ƙasa tsakanin rukunin A da rukunin B, wato sai kimanin mutum 60 sun shige. Daga baya ya ɗaga shekarun zuwa 6. A 2009 kuma ya fara sayar da damar samun lamba ta gaba a layi kan dala 10. Layi ya samu farashi ke nan a fili.

Shekarar 2008 ce ta sauya komai. Farashin gangar ɗanyen mai ya haura har dala 147 a watan Yuli, kamfanoni suka shiga neman kuɗin shiga ta kowace kafa. A watan Mayu American Airlines ya sanar da cewa zai riƙa karɓar dala 15 a kan akwatin farko da fasinja ya miƙa a auna, manyan takwarorinsa suka kwaikwaya cikin 'yan watanni. Da kiɗa ya sauya, rawa ma ta sauya: kowa ya koma cusa kayansa a ƙaramar jaka mai taya yana shiga da ita ciki. Ma'ajiyar saman kujeru ba ta isar kowa, don haka wanda ya makara sai a karɓe jakarsa a bakin ƙofa. Tun a ƙarshen shekarun 1990 Boeing ya auna cewa saurin shiga ya faɗi zuwa kusan mutum 9 a minti, yanzu kuma ga ƙarin kaya, ga jirage cike fiye da kashi 80 cikin 100. Riga shiga ya zama abin da mutane ke biyan kuɗi su samu, kuma duk iyalin da aka sa gaba kyauta, a lissafin kamfani, sun sha gaban wanda ya biya.

A watan Afrilun 2012, kusan shekara biyu bayan haɗewarsa da Continental, kamfanin United ya daina kiran iyalai a sahun farko. Ya ce yana son sauƙaƙa tsarin ne da rage yawan rukunoni. Iyaye ba su yi shiru ba. Dubun-dubatar mutane suka sa hannu a takardar koke ta intanet, jaridu da gidajen talabijin suka ɗauki maganar. Kamfanin ya tsaya a kan bakansa kusan shekara 4. Sai ranar 15 ga Fabrairun 2016 ya dawo da kiran, amma ga masu yara 'yan shekara 2 zuwa ƙasa kawai. A tsakanin nan kowane kamfani ya kama nasa layi: Delta ya ci gaba da ba masu keken jariri da kujerar yara dama, American kuwa ya daɗe a kan cewa sai iyaye sun je sun roƙa a bakin ƙofa.

Masana kimiyya ma sun sa baki. A 2008 wani masanin taurari, Jason Steffen, ya wallafa tsarin da ya fi kowane sauri: a shigar da mutane ɗaya bayan ɗaya, daga baya zuwa gaba, ana tsallake sahu guda, masu gefen taga da farko. An gwada shi a 2011 da mutum 72 a cikin kwaikwayon jirgi, ya kuma tabbata ya fi sauri. Amma tsarin yana so a raba mutanen da ke zaune kusa da juna, ɗan shekara 3 kuwa ba ya shiga jirgi shi kaɗai ya jira uwarsa. Ko da United ya koma tsarin fara shigar da masu gefen taga a watan Oktoban 2023, sai da ya keɓe iyalan da suka yanki tikiti tare, ya ce su shiga tare.

Daga baya rigimar ta tashi daga bakin ƙofa ta koma kan kujera. Delta ya fito da tikiti mafi araha a 2012, wanda ba ya ba mutum damar zaɓen wurin zama, United da American suka bi a 2017. Uwar da ba ta da halin biyan kuɗin zaɓen kujera kan tarar an jefa ta a sahu na 12, ɗanta a na 30, sai ta shiga roƙon baƙin mutane su yi musaya da ita. Wani rahoton kwamitin Majalisar Dattawan Amurka na 2024 ya ce kamfanoni 5 sun tara dala biliyan 12.4 daga kuɗin zaɓen kujera tsakanin 2018 da 2023. Tun a Yulin 2016 Majalisa ta umarci Ma'aikatar Sufuri ta duba batun zaunar da yaro ɗan shekara 13 zuwa ƙasa kusa da babbansa ba tare da ƙarin kuɗi ba, amma ma'aikatar ta ce koke-koken da ta samu ba su kai a kafa ƙa'ida ba. Sai a 2023 Shugaba Joe Biden ya ambaci batun a jawabinsa ga Majalisa, ma'aikatar ta fara wallafa sunayen kamfanonin da suka yi alkawari da waɗanda ba su yi ba. Dokar Mayun 2024 ta umarce ta ta tsara ƙa'ida, ta kuma gabatar da daftari a watan Agusta na shekarar.

Wasu ƙasashe sun riga Amurka. Kanada tun Disamban 2019 ta wajabta a zaunar da yaron da bai kai shekara 5 ba dab da mai kula da shi, ɗan 5 zuwa 11 a sahu ɗaya da shi, duk kyauta. Italiya ta kafa irin wannan ƙa'ida a 2021, kamfanin Ryanair ya kai ƙara, babbar kotun harkokin mulki ta ƙasar ta yi watsi da ƙarar a 2024. A shekarar ce kuma Indiya ta umarci kamfanoninta su zaunar da yaro ɗan shekara 12 zuwa ƙasa tare da akalla ɗaya daga cikin iyayensa. A Amurka kuwa, a Yulin 2024 Southwest ya sanar da cewa zai bar tsarin zauna-inda-ka-samu, ya kuma sa 27 ga Janairun 2026 ranar fara rubuta lambar kujera, da rukunoni 8 a madadin A da B da C.

Ba duk iyaye ke son riga shiga ba. Akwai masu ganin gara yaro mai ƙiriniya ya yi ta guje-gujensa a zauren jira har minti na ƙarshe, da a ɗaure shi a kujera rabin awa kafin a tashi. Wasu kan raba aiki: uba ya shiga da kaya ya shirya wuri, uwa ta biyo da yara a ƙarshe. Amma wannan zaɓi ne, kuma sai an ba mutum dama kafin ya iya cewa ba ya so.

Iyalin da za su tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano ko na Diori Hamani a Yamai, zuwa Jidda ko gaba da nan, su ma wannan tarihi ya shafe su, domin kowane kamfani da ƙa'idarsa, kuma tana sauyawa. Ba a fafe gora ranar tafiya. A binciki shekarun da kamfanin ya yanke da batun kujera tun ranar yankan tikiti, a kuma gabatar da kai ga ma'aikatan ƙofa kafin a fara kira.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bambancin nan na 1986. Gurbin mai nakasa, da yake doka ta riƙe shi, ya tsallake tsadar mai da haɗewar kamfanoni da sayar da layi, bai motsa ba. Gurbin mai goyo kuwa, da aka bar wa kirkin kamfani, ya ɓace a daidai lokacin da aka gano yana da farashi, kuma bai dawo ba sai da iyaye suka ɗaga murya. Mu da muka tashi da jin cewa ɗa na kowa ne, muka ga yadda ake miƙa hannu a karɓi jariri a tasha domin uwarsa ta samu ta hau mota, mun san wannan kirki yana nan a zukatan mutane. Jaririn da ke sahu na 30 dai ba shi da kati, ba shi da maki, ba ya kuma iya rubuta koke. In ana so mintocinsa goma su tabbata, sai an rubuta masa su.