Haƙƙin Fursuna Na Samun Magani A Amurka

Kun aiko kuna tambaya: wai da gaske ne a Amurka hukuma kan biya wa fursuna kuɗin tiyatar sauya jinsi? To, bari mu faro daga tushe.

A shekarar 1973, a wani kurkuku na jihar Teksas, dilar auduga mai nauyin kilo 270 ta faɗo wa wani fursuna, J. W. Gamble, yana cikin sauke kaya daga mota. Bayansa ya ƙi warkewa, ya kai ƙara. A 1976 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa wanda aka kulle ba ya iya kai kansa asibiti, don haka yin biris da ciwonsa mai tsanani da gangan azaba ce da tsarin mulki ya haramta. Shi Gamble bai yi nasara a kan likitan ba, domin an duba shi sau 17. Amma ƙa'idar ta zauna daram.

A kanta masu neman sauya jinsi suka dogara. A 2019 wata kotun ɗaukaka ƙara ta umarci jihar Aidaho ta yi wa fursuna Adree Edmo tiyatar, aka yi a 2020. A wannan shekara ta 2019 kuwa, wata kotun ta hana wani fursunan Teksas, ta ce likitoci ba su haɗu a kan amfaninta ba. A 2025 Shugaba Trump ya ba da umarnin daina kashe kuɗin tarayya a kan wannan, aka koma kotu.

Kun ga ke nan, ba a gardamar ko fursuna ya cancanci magani. Gardamar ita ce: wane magani ne ya zama dole? Mu kwana nan.