Warki da Takalmin Gobir: Suturar Fata a Zamanin Rumfa

Duk marubucin da ya tashi ba mu labarin zamanin da, sai ka ga ya naɗa wa kowa rawani ya zuba masa babbar riga, har manomin da ke bakin dutsen Rano. Ni dai wannan bai taɓa kwanta mini ba. Saƙi yana da tsada a wancan lokaci, talakan karkara kuwa warki ya sani, wato fatar akuya da aka jeme ake ɗaurawa a ƙugu. Maguzawan kudancin Kano, irin na yankin Yalwa da Kibiya, sun daɗe da shi, maharba da 'yan dambe ma haka.

Lokacin da Muhammadu Rumfa ke sarautar Kano, daga 1463 zuwa 1499, shi ne lokacin da Turawan Italiya ke cikin farfaɗowarsu ta ilimi da zane-zane. Su ma fata suke ado da ita: riga mara hannu, safar hannu mai turare, da takalman fatar Kurɗuba ta Andalus. To a nan fa? Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, a littafinsa da aka buga a Benis a 1550, ya ambaci masu ɗinka takalma a Gobir, ya kwatanta aikinsu da takalman Rumawan da, kuma ya ce har Tambutu da Gawo ake kai su. Ke nan dukanci ya riga ya zama sana'ar fatauci tun a wancan ƙarni.

Asirin yana hannun majema. A jiƙa fata da toka a tuje gashin, a tsoma ta a ruwan bagaruwa har ta jemu, sannan a rina ta ja da karan dafi. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ta yi suna wajen laushi da ƙarko. Ayarin raƙuma suka riƙa tsallaka Sahara da ita, Turawa suka saye ta daga tashoshin Arewacin Afirka, suka sa mata suna fatar Maroko, suna yi wa littattafai bango da ita. Sunan majemin bai bi ta ba.

Da Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, ya tarar takalma da jemammun fatu na cikin manyan kayan da birnin ke fitarwa.