Ungozoma da Takardar Shaida a Ƙasar Haɗejiya

Kafin Turawa su ci Haɗejiya cikin 1906, ba takarda ke naɗa ungozoma ba, sai yardar matan gari. Dokar ungozomai ta 1930 ita ta kawo rajista a Nijeriya, sa'an nan ta masu jiyya ta biyo baya cikin 1947. Cikin 1979 aka gama hukumomin nan biyu suka zama majalisa guda, mai tsara karatu da jarrabawa da ba da lasin. Amma Hausa ba ta raɗa wa mai takarda sabon suna ba. Saboda haka a ƙauyukan fadamar Haɗejiya, inda ambaliya kan datse hanyar asibiti da damina, kalma guda tana nufin mata biyu, watau wadda hukuma ta sani, da wadda mai naƙuda ke iya samu.